Kabarin da Aka Haƙa Kafin a Ga Gawa

Ina tsaye a gaban makirufo, yatsana a kan makunni, ƙanena ya shigo masallaci da takalmi a ƙafarsa. Abin da na fara gani ke nan, takalman, da jar laka a kan shimfiɗar da na share da hannuna. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai ya riga ni.

"Yaya, ruwa ya tafi da yaron nan."

Ban tambaye shi wane yaro ba. Mutum ɗaya ne ake kira haka a gabana. Ɗana ne na fari, saurayi, yana tuƙa keke mai ƙafa uku na haya a cikin gari. Mu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya tsere mana tun zamanin kakanmu, kunyar ɗan fari ce kawai ta zauna. Ni da uwarsa ba mu taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, kuma mutanen gida ba sa faɗarsa in muna wurin.

Na ce, "A ina?"

"Kwalbatin nan na hanyar Hammadu Kafi. An ga keken. Shi ba a gan shi ba."

Lokacin la'asar ya riga ya yi. Ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Kumbiya-Kumbiya. Sana'ata kafinta ce, kiran salla kuwa na karɓe shi ne daga wani tsoho da muryarsa ta ƙare. Na danna makunnin na kira. Daga baya mutane sun yi ta cewa wannan shi ne tawakkali, a gaya wa mutum ruwa ya ci ɗansa ya tsaya ya kira salla. Ba na yi musu gardama. Amma ni na san ƙafafuna ne suka ƙi ɗagawa, bakina kuma ya yi abin da ya saba.

A unguwarmu yayyafi kawai aka yi ranar. Wanda ya zauna a Gombe ya san wannan. Ruwa zai zuba can kan tudu ta yamma, kai kana nan shanyarka ko jiƙewa ba ta yi ba, sai kwari ya cika ya taho kamar an buɗe masa ƙofa.

Muka tarar da jama'a cunkus a bakin kwalbatin. Ruwan ya haye kan titi, ja wur, yana wata irin ƙara da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji. Can ƙasa keken yana kife, ya maƙale a saiwar wata bishiya. Aka kawo mini wata mata jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafarta. Na gane ta. Malamar makaranta ce, Kirista, 'yar Kaltungo, tana zaune a Federal Low-Cost, kullum shi yake mayar da ita gida in an tashi.

Ta durƙusa a cikin laka ta ce, "Baba, shi ya fitar da ni. Keken ya mutu a tsakiya, ya riƙe hannuna har na taka ƙasa. Na ce masa ya bar keken. Wallahi Baba na ce ya bar shi."

Na ce, "Tashi, 'yata. Kin ga ya nutse?"

"Ban gani ba. Na ga kansa a sama, yana ɗaga hannu, har ruwan ya sha kwana da shi."

Wannan maganar ce gidana ya rayu a kanta daga ranar. Ba wanda ya ga ya nutse.

Samari suka rabu biyu, suka bi gefen kwarin da gudu suna ƙwala kiran sunansa. Na bi su. Tare da ni akwai abokina mahauci, Babarbare, wanda tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba sai da tsiya. Muna cikin tafiya ya kama kafaɗata ya jijjiga.

"Kai bawana, kira shi mana! Duk cikinmu wa ya kai ka murya? Yau ba ranar kunyar Fulani ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Na tsaya a bakin gaɓa, na cika ƙirjina, sunan ya taso har maƙogwarona ya tsaya nan. Shekara da shekaru na hana shi hanya, ranar kuma ya ƙi fita. Abin da ya fito shi ne Allahu Akbar, da irin jan da nake yi a kiran salla. Mutane suka waiwayo, wasu suka rugo, sun ɗauka an gan shi ne. Na girgiza musu kai. Na yi tunani, wannan muryar ita take tashinsa daga barci tun yana goye. In yana maƙale a wani reshe, ko ruwan ya watso shi wata gaɓa, zai san ni ne. Sai na ci gaba. Su suna kiran sunansa, ni ina kabbara, muna bin kwarin yana ƙara faɗi yana ƙara zurfi.

Na daɗe ina faɗar wannan kalma safe da rana, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina Allah ya fi me girma ba. Ranar na ga katangar ɗaki sukutum ta zame ta shiga ruwa ba ta ko yi ƙara ba. Na ga darbejiya da rassanta da saiwarta tana juyawa kamar tsinken tsintsiya. Na ce a raina, wannan duka yayyafin yini ɗaya ne a wani ɗan gefe na ƙasarsa. Ba zan yi ƙarya ba, girman nan bai sanyaya mini zuciya ba ranar. Tsoro ya ba ni.

Duhun magariba ne ya mayar da mu. Da na karyo kwanar gidana sai na ga an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun fara zama.

A unguwarmu in aka yi rasuwa da rana ba a jira. Masu wanka suna nasu, tela yana ɗinka likkafani, samari kuma sun ɗauki diga da shebur sun yi maƙabarta, don a samu a rufe mutum kafin rana ta faɗi. Ƙanena ya saba shi yake raba wannan aikin. Da ya bar ni a bakin kwari sai ya dawo ya yi abin da ya saba. A lissafinsa kafin magariba za a tsamo yaron, kada a zo ana neman rami a cikin duhu. Samarin abokan yaron ne, sun san tsawonsa, dogo ne. Suka haƙa daidai shi.

Matata tana tsaye a bakin zaure, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba in akwai maza a waje. Ba ta kuka.

Ta ce, "Malam, wa ya mutu?"

Na kalli tabarmin.

"Na ce wa ya mutu da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana? Wa ya ga gawa?"

Ƙanena ya matso ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ruwan nan da kin gan shi…"

"Kai ne ka sa aka haƙa?"

"Ni ne."

"Ka haƙa wa ɗanka rami yana da rai." Ta juyo wurina. "Malam, a naɗe tabarmin nan."

Dattawa suka miƙe da kansu. Aka naɗe tabarmi, aka sauke rumfa. Ƙanena ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hularsa. Da ɗan wani ne, da ni ma ina cikin masu cewa a yi sauri.

Daga nan gidan ya zama wani iri. Mutane suna zuwa, ba su san me za su ce ba. Ba gaisuwar mutuwa ba ce, kuma ta fi ƙarfin jaje. Za ka ga mutum ya yi sallama ya zauna yana murza hannu, sannan ya ce, "To, Allah ya bayyana." Wata tsohuwa ta yi kuskure ta ce wa matata Allah ya jiƙansa. Matata ta ce, "Amin, Inna, da mu da shi duka, ai mai rai ma yana son jinƙai." Tsohuwar ba ta ƙara minti ba ta nemi takalmanta.

Washegari mai kula da maƙabarta ya aiko a kira ni. Ya kai ni bakin ramin. An haƙa shi da kyau, gefensa a miƙe, an tara itatuwan rufi a kusa. Ruwa ya riga ya kwanta a ciki.

Ya ce, "Malam ladan, damina ce. In aka bar shi haka zai rufta. Ko dai mu mayar da ƙasa, ko ka san yadda za ka yi da shi."

Na tsaya ina kallon ramin. In na ce a rufe, kamar na ce ba za a same shi ba. In na ce a bari, kamar na ce ya mutu. Na koma shago na ɗauko fallayen kwanon rufi na rufe bakinsa, na danne da duwatsu. Amma ruwa yana bi ta ƙasa. Sai ya zama kullum in an idar da asuba, gari ya waye, nakan ɗauki bokiti na tafi, na sauka ciki na kwashe ruwan, na gyara inda ya zaizaye, sannan na tarar da masu nema a bakin kwari. Ban gaya wa matata ba. Tana ganin jar laka a wandona har gwiwa, tana wankewa, ba ta tambaya.

In kana tsaye a cikin kabari, sama takan zama 'yar siririya, kamar tsawon katako ɗaya. Can nake tasbihina, kowane bokiti da kalmarsa. Subhanallahi ba ta yi mini wuya. Allahu Akbar ma haka, ai idona ya gani. Alhamdulillahi ce take tsaya mini. Nakan riƙe bokitin a cike ina neman abin da zan ɗora ta a kai, don ba na son na faɗa wa Ubangijina abin da ba ya cikin zuciyata. Wata rana sai na tuna lokacin da na so yaron ya gaje ni a shago. Ya yi 'yan watanni yana riƙe mini zarto, sannan ya ce, "Baba, katako ba ya hira. Ni ina son aikin da zan riƙa jin labarin mutane." Na yi fushi sosai lokacin. A cikin ramin kuwa dariya ta kusa ƙwace mini. Na ce, wa ya ƙera wannan bakin? Ni dai ban ƙera ba. Ni da ko ƙusa sai na saya. An ba ni shi ban biya komai ba, na yi shekaru ina jin motsinsa a gida. Ranar na iya faɗar alhamdulillahi na zubar da ruwan. Wasu ranakun ban iya ba, sai na tsallake ta.

Ruwan kwari yadda yake zuwa haka yake tafiya. Kafin a jima ya janye, ya bar yashi sabo fil, shimfiɗe kamar ba abin da ya faru. 'Yan kwana-kwana sun zo sun yi nasu. Samari suka yanko dogayen sanduna, muna tafiya a jere muna soka yashi. Masu gonaki a gefen kwarin suka ce mana abin da ruwa ya ɗauka yashi yake ba wa ajiya, wani lokaci tsawon mutum biyu a ƙasa. Sau da yawa wari yakan ja mu wani wuri, mu haƙa da hannu, mu tarar da akuya.

Muryata ta fara dushewa. Liman ya kira ni gefe ya ce, "Malam ladan, ka huta kwana biyu, na'ibi zai riƙa kira." Na ce zan yi shawara. Da na faɗa wa matata sai ta ajiye abin da take yi.

"Kada ka bari. Kuma lasifikar nan taku ina take kallo?"

"Yamma, cikin unguwa."

"A juya ta gabas."

Na san lasifikar masallacinmu ba ta kai ko bakin gari ba. Ita ma ta sani. Na ɗauki tsani na hau na juya ta, ta kalli inda ruwa ya bi. Kwana kaɗan mutanen yammacin unguwa suka fara makara sallar asuba. Ba wanda ya yi ƙorafi sai abokina mahauci.

"Bafillace, ka mayar da mu arna. Jiya sai da rana ta haska mini ido. In aka tambaye ni ranar lahira, sunanka zan bayar."

Na ce, "Da ma can ba kiran salla ne yake tashinka ba, kukan akuya ne."

Ya yi dariya, sannan ya miƙo mini gorar ruwa. "Sha. In ka faɗi ba ni da ƙarfin ɗaukar bawa."

Wata safiya ina fitowa daga ramin, wayar ƙanena ta shigo. Jauro, wato mai garin wani ƙauye can gabas, ya aiko. Ruwan daren ya tone yashi a gefen wata gonar masara, an ga mutum.

Na biya gida na sauya wando. Dole na faɗa mata. Ta saurara tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Fuska ba za ta nuna ba yanzu. Ka duba ƙafarsa ta hagu, bayan ƙwauri. Akwai tabon ƙunar salansar babur." Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Mu uku muka tafi a motar a-kori-kura ta wani maƙwabci, ni da ƙanena da mahauci. Hanyar duk ta lalace, muna tafiya muna tsayawa. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai na ga ban san me zan roƙa ba. Na ce Allah ya sa shi ne? Uba ya roƙi gawar ɗansa? Na ce Allah ya sa ba shi ba ne? To yana ina, har yaushe za mu zauna haka, ni ina kwasar ruwa a rami, ita tana sauraren ƙofa? Duk wadda na ɗauko sai ta ƙone mini harshe. Ni ba malami ba ne, karatuna bai yi nisa ba. Amma a bayan motar nan na gane wani abu game da kabbara da tasbihi. Ba sa neman ka zaɓa. Ba ka cewa a ba ka wannan ko a hana ka wancan. Kana faɗar abin da yake gaskiya ne ko shi ne a gonar nan ko ba shi ba. Wanda ya san inda kowace ƙwayar yashin kwarin nan ta kwana ya san inda yaron yake, tun ranar farko bai ɓace masa ba. Ni ne aka rufe wa. Sai na sauke hannuna, na riƙe ƙarfen motar, na yi ta kabbara a hankali har muka isa.

An rufe shi da buhuna da ganye. Mutanen ƙauyen sun tsaya nesa, sun toshe hanci da bakin riga. Akwai 'yan sanda biyu. Jauro ya gaishe ni da Fulatanci, na amsa da ɗan abin da na sani. Ƙanena ya ce, "Yaya, bari ni na duba." Na ce a'a.

Na durƙusa ta wajen ƙafafu. Na ɗaga buhun. Na share yashi daga ƙafar hagu, na juya ta. Na sake sharewa. Na duba ta dama, ko uwarsa ta manta, ko da yake na san ba za ta manta ba. Babu tabo. Sannan na lura ƙafafun gajeru ne. Na matsa sama na ɗaga ɗayan buhun kaɗan. Akwai furfura a gemun.

Na ce, "Ba shi ba ne."

Mahauci ya ce, "Allahu Akbar," ya juya baya. Ni ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Na ji kamar an ɗaga ni sama an sake ni, ban kai ƙasa ba.

Ba wanda ya san mutumin. An yi cigiya a ƙauyukan kusa, ba wanda ya ce nasa ne. A aljihunsa akwai carbi da ɗan guntun asuwaki, ba komai bayan su. 'Yan sanda suka yi rubuce-rubucensu, suka ɗauki hoto, suka ce a binne shi, don ba zai ƙara jira ba. Jauro ya ce matsalar ke nan. Maƙabartarsu fadama ce, sun gwada haƙa tun safe, kamu ɗaya ruwa yake tasowa. Suka tsaya suna shawara, wannan ya ce a kai shi kan tudu a gonar wane, wancan ya ce mai gonar ba ya nan.

Na ga ƙanena ya kalle ni ya kawar da kai. Mahauci ma yana kallon ƙasa. Duk mun san abu ɗaya, ba mai iya faɗa. Ramin nan shi ne kaɗai abin da nake da shi na yaron da zan iya taɓawa. Na san kowane gefe nasa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa duk ranar da aka same shi, ko ƙashi ne, zai tarar da wurinsa a bushe. Na kalli buhunan. Ƙudaje sun fara yawa.

Na ce, "Jauro, akwai kabari a shirye a cikin gari. Busasshe ne."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka tabbata?"

Na ce, "Ku kama mu sa shi a mota."

Likkafanin da aka ɗinka tun ranar farko yana gidan ƙanena, a ɓoye. Shi aka ɗauko. Ya yi wa mutumin tsawo, sai da aka naɗe ƙarshensa. Wanka bai yiwu ba, aka zuba ruwa daga sama yadda liman ya ce. Muka yi sahu a bakin maƙabarta, ba mu da yawa. Liman yana kabbara, ni ina ɗaga ta don na baya su ji, kamar yadda na saba. Na halarci jana'iza ba adadi, sai ranar na lura salla ce da ba ruku'u ba sujada. Ana ajiye mutum a gaba, a tsaya, a ce Allah ne mafi girma, a sake faɗa, har sau huɗu. A ta uku muryata ta karye, na'ibi ya karɓa.

Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ya bar fili ta wajen ƙafa. Muka jera itatuwan, muka toshe da laka, aka mayar da ƙasa. Na kwashe fallayen kwanona da bokitina na kai shago.

Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da na shiga. Ta kalli fuskata kawai.

Na ce, "Ba shi ba ne. Wani dattijo ne."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta faɗe ta a sauƙaƙe, irin yadda ni na kasa. Sannan ta ce, "Ramin da kake zuwa fa?"

"Shi muka sa a ciki. Ba a san danginsa ba."

Can ta ce, "Ke nan akwai wani gida da ake can ana sauraren ƙofa." Sai ta fashe da kuka, karon farko tun ranar da abin ya faru. Na zauna a gefenta. Ban san ko dattijon take yi wa ba ko wani, ban kuma tambaya ba.

Washegari bayan asuba ƙafafuna suka kama hanyar maƙabarta. Sai da na hango katangar na tuna ba abin da zan kwashe. Na tsaya a bakin hanya, kekuna suna wucewa, kowanne sai na kalli mai tuƙin.

Masu nema suka ragu, kowa da bakin da yake ciyarwa. Ban ga laifinsu ba. Malamar nan ta Federal Low-Cost ba ta daina zuwa ba. Takan zauna da matata ta taya ta tsince shinkafa, ta ce a cocinsu ana sa shi a addu'a. Duk zuwan da za ta yi sai matata ta sa ta maimaita abin da ta gani, kai a sama, hannu a ɗage, har kwana. Ita kuma ba ta taɓa ƙarawa ko ragewa ba.

Da damina ta ja baya, liman ya same ni da ƙanena bayan sallar azahar. Ya ce akwai sallar da ake yi wa wanda ya rasu ba a samu gawarsa ba. Malamai sun saɓa a kanta, wasu suna yi, wasu ba sa so, amma a irin wannan hali shi yana ganin a yi. Ya ce haƙƙin yaron ne a kanmu, kuma zuciya tana son wurin tsayawa. Ƙanena ya ce, "Yaya, ni na yi gaggawa a farko, na sani. Amma yanzu ba gaggawa ba ce."

Na ce zan yi magana da uwarsa.

Na same ta tana shanya. Na faɗa mata yadda liman ya faɗa, ban rage ba. Ta gama matse zanen da ke hannunta ta rataya.

"Malam, in ka tsaya a sahu ka ɗaga kabbarar nan, ka shaida ya mutu ke nan."

"Haka ne."

"Ka gani?"

"Ban gani ba."

"In ka ce a yi, ba zan hana ba. Kai ne uba. Amma ka faɗa mini da bakinka cewa ya mutu, sai na ji."

Na tsaya. A raina na san abin da ruwan nan yake yi, na gani da idona. Na san watanni sun wuce, kuma mai rai yana neman gida. Amma da na zo faɗa sai maganar ta tsaya a inda sunansa ya tsaya ranar. Allah ya sani, ni ban sani ba, kuma na ji tsoron na shaida abin da bai nuna mini ba.

Na koma na ce wa liman a dakata har rani, lokacin da masu tifa suke shiga kwari ɗibar yashi. Na bi su wuri wuri, na gaya musu tsawonsa da irin rigar da ke jikinsa, na roƙe su in shebur ya taɓa wani abu su aiko. Sun yi alkawari, kuma sau biyu sun aiko. Na je na duba, ƙashin dabba ne.

Rani ya wuce, wata daminar ta zo ta sake shimfiɗa sabon yashi a kan na da. Ina nan ina kiran salla. Liman bai sake tayar da maganar ba, sai dai wani lokaci in mun gaisa yakan riƙe hannuna ya ɗan jima. Har yanzu ba mu yi wa yaron salla ba.